Leɓen da hunturu ya wuce bai warke ba: me ya sa muke gudun ƙaramar wuƙa?

Jama'a, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu babu wanda leɓensa ba ya tsagewa a Potiskum. Yaro da babba, mai shago da mai tura baro, kowa da ɗan kwalbar basilin ko ƙullin man kaɗe a aljihu. Wannan tsagewar ta hunturu ce, tana zuwa da iska tana tafiya da iska, ba ita ta sa na ɗauki alƙalami ba. Maganata a kan wani leɓen ne daban: wanda hunturu ya wuce, bazara ta shigo, damina ta sauka har aka yi girbi, shi kuwa yana nan yadda yake. Ya bushe, ya yi kaushi kamar an goga masa yashi, ɓawo yana tashi ana ɓarewa yana dawowa, wani wurin ya yi fari-fari, layin nan da ya raba jan leɓe da fatar haɓa ya dushe har ba a iya nuna inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Mai shi zai ce maka ai leɓensa haka yake. Sau da yawa ba haka Allah Ya halicce shi ba, rana ce ta mayar da shi haka.

Likitoci suna kiran wannan lalura actinic cheilitis. Turawa a bakin talakawansu suna ce mata leɓen manomi ko leɓen matuƙin jirgin ruwa, saboda su ne masu wuni a rana. Abin da ke faruwa shi ne, a cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda ake kira UV, yana ratsa fata yana lalata ƙwayoyin halittarta sannu a hankali, shekara bayan shekara. Fatar leɓe siririya ce, sinadarin melanin da ke kare fata bai kai na sauran jiki yawa a cikinta ba. Leɓen ƙasa kuma ya ɗan turo waje yana fuskantar sama, alhali na sama hanci da siffar fuska sun yi masa inuwa. Shi ya sa kusan tara cikin goma na masu wannan lalura a leɓen ƙasa take kama su. Ita kanta ba ciwon daji ba ce tukuna, amma a kan hanyarsa take. Ba kowane irin wannan leɓe ke rikiɗewa ba, sai dai babu likitan da zai dube shi da ido kawai ya rantse maka cewa naka ba zai rikiɗe ba. Dajin leɓe kuma ya fi na sauran fata saurin tsallakawa zuwa kaluluwar ƙarƙashin haɓa da wuya.

Na san abin da wasu za su ce: wannan ai ciwon Turawa ne, mu baƙaƙe ina ruwanmu. Akwai gaskiya a ciki, domin baƙar fata garkuwa ce babba, kuma da wuya a ga wannan lalura a jikin mutum baƙi wuluk. Amma a cikinmu akwai waɗanda ba su da wannan garkuwar ko kaɗan, wato 'yan uwanmu masu lalurar zabiya. Tun 1975 wani likitan fata ɗan Najeriya, Farfesa A. N. Okoro, ya wallafa binciken da ya yi a kan zabiya 1,000 a ƙasar nan, ya nuna cewa duk wanda ya haura shekara 20 a cikinsu rana ta riga ta yi wa fatarsa illa, ko dai ta daji ko ta matakin da ke gabanin daji. Yawancin mutanen da ya duba 'yan kudu ne, inda ake da gajimare da inuwar itatuwa. To ina ga nan, inda a watan Afrilu zafi ke haura digiri 40, ma'aunin UV kuma yakan kai 11 ko fiye da tsakar rana a yawancin watannin shekara?

Bayan su akwai masu hasken fata sosai da ke wuni a rana, makiyayi da manomi da dillalin da ke tsaye a kara daga hantsi har la'asar ranar kasuwar shanu. Akwai wanda cutar nan mai cinye launin fata ta bar masa fari a leɓe. Akwai wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, ko saboda cuta ko saboda magani. A jiharmu da ciwon ƙoda ya addabi mutane, musamman yankin Gashuwa, ya kamata a sani cewa wanda aka yi wa dashen ƙoda yana shan maganin danne garkuwar jiki har ƙarshen rayuwarsa, kuma haɗarin dajin fata da na leɓe a gare shi ya ninka na sauran mutane sau da yawa. Idan aka haɗa da sigari ko taba gari da ake cusawa a bayan leɓe, an ƙara wa wuta fetur.

Abin da nake so in kafa hujja a kai shi ne wannan: magungunan wannan lalura suna da yawa, amma wanda ya fi dacewa da mu a Potiskum, wanda ya fi tabbas kuma hannunmu zai iya kai wa gare shi, shi ne wanda muka fi tsoro, wato ƙaramar tiyata. Kafin in kai can bari mu bi sauran, don kada a ce na ɓoye wani abu.

Da farko akwai na shafawa. Mafi daɗewa shi ne fluorouracil, wanda ake taƙaitawa 5-FU, ana sayar da shi da sunaye irin su Efudix. An ƙirƙiro sinadarin a Amurka a 1957 a matsayin maganin daji, daga baya aka mayar da shi man shafawa mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ana shafa shi sau ɗaya ko biyu a rana tsawon mako biyu zuwa huɗu, gwargwadon yadda likita ya tsara. Yana bin ƙwayoyin da suka lalace yana kashe su, har da waɗanda ido bai gani ba, wannan shi ne amfaninsa. Wahalarsa kuwa ba a faɗa wa mutane da kyau. A mako na biyu leɓe zai kumbura, ya yi ja, ya saɓule, ya yi ɓawo, cin tuwo da miya mai yaji ya gagara, shan shayi ya zama aiki. Wanda ba a yi wa bayani ba zai ce maganin ya ɓata masa baki ya jefar da shi, alhali wannan saɓulewar ita ce alamar yana aiki. Mai juna biyu ba ta amfani da shi. Ba kuma abin da za a aiki yaro kemis ya sayo ba ne.

Akwai imiquimod, wanda aka fi sani da Aldara. Shi ba ya kashe ƙwayoyin da kansa, garkuwar jiki yake tunzurawa ta far musu. Ana shafa shi wasu ranaku a mako na tsawon makonni, shi ma yana kawo kumburi da gyambo na ɗan lokaci, wasu har su ji kamar mura ta kama su. Akwai kuma diclofenac na shafawa mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, wanda ya fi su sauƙi a baki amma sai an yi wata biyu zuwa uku ana shafawa, kuma bai kai su ƙarfi ba. A nan a kiyaye: ba shi ne man diclofenac ɗin da ake shafa wa ciwon gwiwa ba, haɗinsu daban ne. Duk magungunan nan uku da wuya ka same su a kantin maganin unguwa, sai an yi odarsu daga manyan garuruwa, kuma idan an samo a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Sannan akwai babban aibinsu: idan daji ya riga ya fara nutsawa a ƙarƙashi, man shafawa zai gyara saman ya bar shi yana ci a ɓoye.

Na biyu akwai daskarewa. Ana fesa ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, a wurin da ya lalace na 'yan daƙiƙoƙi. Wurin ya yi bororo, ya yi ɓawo, ya faɗi cikin mako ɗaya zuwa biyu, sabuwar fata ta fito. Yana da sauri, ba a kwanciya asibiti, kuma ya dace da tabo ɗaya ko biyu da aka tabbatar ba daji ba ne. Yana iya barin farin tabo a jikin mai duhun fata, ga zabiya kuwa wannan ba matsala ba ce. Matsalarsa a wurinmu ta ajiya ce, domin ruwan yana ƙafewa a hankali ko an rufe tulunsa, don haka ba abin da za a saya a ajiye shekara ba ne. Amma abin ban dariya, ko in ce abin takaici, shi ne wannan ruwan da wannan tulun su ne likitocin dabbobi ke amfani da su wajen ajiye irin bijimi don yi wa shanu barbarar zamani, kamar yadda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya. Idan ana iya jigilarsa saboda saniya, garin da ke taƙama da kasuwar shanu da ake lissafawa cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma ba zai ce ya gagara kawo shi saboda ɗan Adam sau uku ko huɗu a shekara ba.

Ba mafarki nake ba. A Tanzaniya, cibiyar horar da likitocin fata da ke garin Moshi ta daɗe tana fita garuruwa a kan jadawali da tulun naitirojin, ana tara masu lalurar zabiya a duba fatarsu, a daskare abin da ya kamata a daskare, a tura mai bukatar tiyata asibiti, a raba musu malfa da man kariya daga rana. Man ma a can suke haɗa shi, sunansa Kilisun. Tanzaniya ba ta fi mu arziki ba.

Na uku su ne na masu hali. Akwai na'urar leza ta CO2 da ke ƙone saman leɓe a hankali har a kai ga lafiyayyar tsoka, kuma sakamakonta yana da kyau ƙwarai, tabonta kaɗan ne. Akwai wata hanyar da ake shafa sinadari a bar shi ya shiga ƙwayoyin da suka lalace sannan a haska musu wata fitila ta musamman su mutu, sai dai ita lalurar takan dawo bayanta fiye da bayan leza. Idan ka shiga intanet waɗannan biyun za ka fi gani ana tallatawa, da hotuna masu ƙyalli daga Turai da Indiya da Masar. Wanda Allah Ya hore masa, ya je. Amma ina roƙon 'yan uwa kada su ɓata wata shida suna tara kuɗin tafiya neman leza alhali abin da zai yi musu aikin yana kusa da gida. A wannan ciwon jinkiri ya fi rashin na'ura illa.

To ga tiyatar. Likitoci suna kiranta vermilionectomy, a Hausance askin leɓe ne kawai. Ana yi wa mutum allurar kashe zafi a wurin, idonsa biyu, a yanke siririn jan leɓen da ya lalace daga wannan gefe zuwa wancan, sannan a jawo lafiyayyar fatar cikin baki, wadda rana ba ta taɓa gani ba, a ɗinke ta a gurbinsa. Ba sabuwar dabara ba ce, likitocin Jamus sun bayyana ta tun ƙarni na 19. Ba ta bukatar wata na'ura mai tsada, wuƙar tiyata ce da allura da zare da hannun da ya ƙware, kuma yawanci mutum gida yake kwana. Bayan mako ɗaya ko ɗan fiye a cire zare, cikin 'yan makonni leɓe ya koma daidai. Nazarce-nazarcen da suka kwatanta hanyoyin nan sun nuna tiyata da leza su ne kan gaba wajen kawar da lalurar da hana ta dawowa.

Tiyata kuma ta fi leza da abu ɗaya, wanda a ganina shi ne mafi muhimmanci a yanayinmu. Leza ƙone tsokar take yi, naitirojin daskare ta yake yi, man shafawa narkar da ita yake yi, duk ba sa barin abin da za a duba. Tiyata kuwa tana ba likita tsokar a hannu ya aika ɗakin gwaji a duba ta a ƙarƙashin madubin likita daga farko har ƙarshe. Idan akwai daji da ya fara ɓuya a ciki, a nan za a kama shi tun yana ƙarami. A ƙasar da majiyyaci yake dawowa asibiti duk bayan wata uku, ana iya gwada man shafawa a jira a gani. A wurinmu, inda mutum zai fito daga ƙauyen Fika ko Nangere ko Fune sau ɗaya, ya koma gona ko kiwo, ba za a sake ganinsa ba sai abu ya baci, hanyar da take gama aiki a zama ɗaya ta kuma ba da amsa ita ta fi.

Ba na cewa ba ta da illa. Leɓe yakan ɗan siranta. Wasu sukan yi watanni suna jin wurin kamar ba nasu ba, kafin jijiyoyi su farfaɗo, wasu kaɗan ma ba ya dawowa gaba ɗaya. Ga maza, gashin gemu na ƙarƙashin leɓe yana iya matsowa ya riƙa sukar leɓen sama. Ba kuma kowa ke bukatarta ba: mai ɗan tabo guda da gwaji ya nuna bai yi nisa ba, daskarewa ko shafawa sun ishe shi. Likita ne zai raba wannan gardama, bayan ya gutsiri 'yar tsoka an gwada idan ya ga wurin da ya yi tauri ko gyambon da ya ƙi rufewa. Abin da nake ƙi shi ne a cire tiyata daga lissafi tun kafin a zauna, saboda tsoro.

Tsoron kuma mun san tushensa. Tun muna yara muke jin cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya fusata ya bazu. Mutanen da ke faɗin haka ba ƙarya suka shirya ba, abin da suka gani suke faɗa: an kai wani asibiti, an yanka, bayan wata biyar ya rasu. Abin da ba su gani ba shi ne shekara uku ko huɗu da ciwon ya yi yana ci kafin a kai shi, ana shafa toka da sassaƙe da man da aka saya a tasha, har ya riga ya kai wuya. Wuƙar ta zo a makare ne, sai aka ɗora mata laifin jinkirin. Dajin leɓe da aka cire tun yana ƙarami, bai tsallaka ko'ina ba, fiye da tara cikin goma na masu shi suna warkewa. Wanda ya kai kaluluwa kuwa lissafinsa ya canja: sai an yanke babban yanki na leɓe, a buɗe wuya a kwashe kaluluwar, a bi da gashi da na'ura. Na'urar gashin nan babu ta a kowane gari. Mafi kusa da mu sai an nufi irin su Maiduguri ko Gombe ko Zariya ko Abuja, kuma mun ga yadda ambaliyar Alau ta watan Satumba 2024 ta shiga asibitin koyarwa na Maiduguri ta lalata kayan aiki. Wanda ya gudu daga askin leɓe na awa ɗaya, wannan doguwar hanyar ce ke jiransa.

Akwai wani abin da ya fi tsoron wuƙa yaɗuwa yanzu, shi ne man nan na kemis mai haɗin magani uku da ake shafa wa kowace irin matsalar fata, daga ƙyasbi har kuraje. A cikinsa akwai sitiroyid mai ƙarfi. Idan aka shafa a irin wannan leɓe, jan zai ragu, zafin ya kwanta, mai shi ya ce ya samu magani. Ƙwayoyin da suka lalace suna nan ba abin da ya same su, fatar ma ƙara siranta take yi. Masu kemis ɗinmu da yawa mutanen kirki ne, su ne asibitin farko na talaka. Abin da nake roƙonsu shi ne su riƙe ƙa'ida guda: duk gyambo ko ɓawo ko farin tabo a leɓe da ya wuce mako uku bai warke ba, ba na kanti ba ne, a tura mai shi asibiti. Ƙurajen zazzaɓi da ke fesowa a baki suna bushewa cikin kwana goma zuwa mako biyu. Tsagewar hunturu tana jin man kaɗe cikin 'yan kwanaki. Abin da ya ƙi jin waɗannan, wani abu ne daban.

Kowace hanya aka bi, idan aka koma rana yadda aka saba lalurar za ta dawo. A nan ma akwai gyara a tunaninmu. Basilin da man kaɗe suna hana bushewa, amma ba sa tare hasken UV yadda ake bukata. Abin da ke tarewa shi ne man leɓe da aka rubuta SPF 30 ko sama a jikinsa, a riƙa sabuntawa duk bayan awa biyu da bayan cin abinci da alwala. Wanda bai samu ba, kakanninmu sun riga sun bar mana dabara: malfa mai faɗin baki irin ta makiyaya, da amawalin rawani da ke rufe baki. Hular kwano da ƙube ado ne, ba sa yi wa leɓe inuwa. Mata masu shafa jan baki mai kauri ko sanya niƙabi sun samu kariyar da maza ba su da ita, kuma a ƙasashen da aka yi ƙidaya maza sun fi mata kamuwa da wannan lalura nesa ba kusa ba. Yaro zabiya kuma kada a tura shi talla ko kiwo tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. Iyayen da ke da zaɓi su ba shi aikin inuwa, malaman makaranta su daina tsayar da shi a fili.

Sai maganar hukuma. Tun 2007 Gwamnatin Tarayya ta amince da yi wa masu lalurar zabiya maganin dajin fata kyauta a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, bayan fafutukar gidauniyar zabiya da Jake Epelle ya kafa a 2006. Shirin ya ceci rayuka, ya kuma sha tsayawa saboda rashin sakin kuɗi. Amma ko yana tafiya daidai, a duba tsarinsa: yana jiran mutum ne a ƙarshen hanya, bayan daji ya kama, a gari mai nisan tafiyar yini guda daga nan. Kuɗin da za a kashe wa mutum ɗaya a can zai ishi mutane da yawa man kariya da dubawa a nan. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni a matsayin ranar zabiya ta duniya, ana bikinta tun 2015, kuma ƙwararriya ta farko da ta naɗa kan haƙƙinsu 'yar Najeriya ce, Ikponwosa Ero. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man kariya daga rana cikin jerin muhimman magunguna. Muna da dokar kare haƙƙin masu bukata ta musamman da aka sanya wa hannu a Janairu 2019. Takardu dai ba mu rasa ba. Abin da ya rage shi ne hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, YSCHMA, ta ɗauki man kariya da gwajin tsoka da wannan ƙaramar tiyata a matsayin abin da take biya wa masu rauni, kuma wakilanmu a majalisar jiha su ne ya kamata su tambaya.

Kada yawan aikin ya tsorata mu, mu yi lissafi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce a Afirka kudu da Sahara ana samun zabiya ɗaya cikin mutum 5,000 zuwa 15,000. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Potiskum mutum sama da 200,000. Ko mun ninka wannan adadi biyu saboda ƙaruwar jama'a da waɗanda rikici ya koro, lissafin bai wuce mutum 30 zuwa 80 ba. A haɗa da maƙwabtan ƙananan hukumomi, a ƙara da sauran masu haɗari, har yanzu adadi ne da zauren makarantar firamare ɗaya zai ɗauka. Ƙungiyar da ke iya tara gudummawar biki da ta jana'iza cikin kwana biyu ba za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba.

Abin da nake ba da shawara shi ne a sa rana sau biyu a shekara, ɗaya a ƙarshen hunturu wajen watan Maris, lokacin da tsagewar iska ta wuce aka ga leɓen da ya rage, ɗaya bayan girbi. A nemi haɗin kan asibitin ƙwararru na Potiskum ya ba da ɗaki, a gayyato likitan fata ko na tiyatar baki da muƙamuƙi daga asibitocin koyarwa na Damaturu ko Maiduguri ko Azare ko Kano, a ɗauki nauyin motarsa da tulun naitirojin. A sanar ta bakin masu unguwanni da fadojin Fika da Pataskum da shugabannin kara, da Hausa da Bolanci da Ngizimanci da Karekare da Fulatanci, domin wanda muke nema ba lallai yana Facebook ba. Kuma a tanadi kuɗin gwajin tsoka tun kafin ranar, tare da mutum ɗaya mai rajista da lambobin waya wanda aikinsa kawai shi ne ya kai kwalaben ɗakin gwaji, ya karɓo sakamako, ya nemo mai shi har ƙauyensu ya sada shi da likita. A wannan gaɓar aka fi yin asarar majiyyata: an yanka, an aika, takarda ta fito bayan mako uku ko huɗu ta kwanta a durowa, mai leɓen yana can gona bai san abin da aka gani ba.